Gyaran hancin wanda aka haifa da tsagaggen leɓe: tun yana jariri, kafin shiga makaranta, ko sai ya girma?

Akwai wata tambaya da kusan kowace uwa kan yi a Sakkwato idan ta mayar da ɗanta wurin likita bayan an ɗinke masa leɓe, an kwance zare, kumburi kuma ya sauka. Za ta tallabi haɓar yaron da yatsu biyu, ta juya fuskarsa wajen haske, sannan ta ce: "Likita, leɓen kam ya gyaru, Allah shi saka da alheri, to hancin hwa?" Tana da gaskiya, domin tabon leɓe yakan dushe da shekaru, namiji ma gashin baki na iya rufe masa shi, amma hanci yana zaune a tsakiyar fuska inda babu abin da zai ɓoye shi, a cikin al'ummar da idan za ta yabi kyakkyawa takan ce hancinta har baka. Amsar wannan tambaya ta kasu uku, gwargwadon lokacin da likitoci kan taɓa hancin: tare da ɗinkin leɓe tun yaro yana ɗan wata 3 zuwa 6, ko a tsakiyar ƙuruciya kafin ya shiga makaranta ko yana firamare, ko kuma bayan fuskarsa ta gama girma. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da abin da yake iya bayarwa da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma iyaye da yawa kan zaɓa ba tare da an fayyace musu bambancin ba.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san abin da ya karkatar da hancin tun farko, don daga nan ake gane dalilin da ya sa aiki ɗaya ba ya cika gamawa da shi. Leɓen sama yana haɗuwa ne tun ɗan tayi yana tsakanin mako na 4 da na 7 a ciki, kuma idan haɗuwar ba ta cika ba, tsagar ba ta tsayawa a fata kawai. Tsokar da ya kamata ta zagaye baki kamar zobe sai ta yanke, ɓari ɗaya ya je ya manne a gindin ɗan ginshiƙin naman da ya raba kafofin hanci biyu, ɗaya ɓarin kuma ya manne a gindin gefen hanci, kowane yana ja ta nasa wajen duk lokacin da jariri ya yi kuka ko ya tsotsa. A lokaci guda ƙashin muƙamuƙin sama na ɓangaren tsagar yakan gaza, ya nutse baya. Wanda ya taɓa kafa rumfa zai gane abin nan take: idan ƙasar da ke ƙarƙashin dirka ɗaya ta zurma, igiya kuma tana jan ta gefe, duk yadda aka gyara zanan sama rumfar a karkace za ta tsaya. Haka hancin yake. Guringuntsin da ke tallabe da kafar hanci ya baje ya kwanta, kafar ta yi faɗi maimakon tsayi, tsinin hanci ya sunkuya, katangar tsakiya da ta raba hanci biyu daga ciki kuma ta lanƙwashe, bakinta na gaba ya nufi ɓangaren lafiya, cikinta ya tokare ɓangaren tsagar. Idan tsagar ta gefe biyu ce, karkatar ba ta da yawa, amma ginshiƙin tsakiya yakan gajarta ƙwarai har tsinin hanci ya zama kamar an danne shi a kan leɓe.

Gyaran farko, wato wanda ake yi tare da ɗinkin leɓe, ya daɗe likitoci suna tsoronsa. Dalilinsu shi ne katangar tsakiyar hanci tana daga cikin abubuwan da ke tura tsakiyar fuska gaba yayin girma, sai aka ɗauka cewa taɓa guringuntsin jariri zai tsumburar da hancin. Saboda haka shekaru masu yawa ana ɗinke leɓe a bar hanci yadda yake. Wani likita a birnin Perth na Ostireliya, Harold McComb, yana daga cikin waɗanda suka sauya wannan ra'ayi. A 1975 ya bayyana yadda yake ɓamɓare fatar hanci daga kan guringuntsin da ya kwanta ta cikin yankan leɓen da aka riga aka yi, ya ɗaga guringuntsin zuwa inda ya dace, ya riƙe shi da zare. Ya ci gaba da bin yaran da ya yi wa aikin, ya buga sakamakon shekara 10 a 1985, sannan na shekara 18 a 1996, kuma bai ga aikin ya hana hancin girma ba. Kenneth Salyer a Dallas ta Amurka shi ma ya ba da rahoto mai kama da wannan, John Mulliken na Boston kuwa ya nuna cewa a tsagar gefe biyu ana iya fito da ginshiƙin tsakiya ta hanyar haɗe guringuntsin biyu da suka rabu, ba sai an yanko fata daga leɓe ba. A yau yawancin manyan cibiyoyin wannan aiki suna gyara hanci tun a tiyatar farko.

Abin da wannan gyaran ke bayarwa a fili yake. Ba a ƙara wa jariri wata allurar barci ba, ba a ƙara wa iyaye wata tafiya ko wani kwanciya asibiti ba, kuma yaron yakan shiga makarantar allo da ta boko da fuskar da ba ta jan ido sosai, a shekarun da baƙar magana ɗaya daga tsara kan zauna a zuciya har tsufa. Sannan idan an zo gyaran ƙarshe, likita yakan tarar da guringuntsin da ya girma kusa da mazauninsa, wanda ya fi sauƙin sarrafawa a kan wanda ya shekara 16 a kwance. Amma akwai abu biyu da ya kamata a faɗa wa iyaye tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Na farko, guringuntsi yana da halin komawa inda ya saba, tabo kuma yana tsukewa yayin da yake warkewa, don haka hancin da ya fito tsaf a makon farko yakan ɗan sake kwantawa cikin shekarar farko. Na biyu, kafar hancin jariri ba ta kai kan ƙaramin yatsa ba, kuma idan hannun da bai saba ba ya yawaita yanka a cikinta, tana iya tsukewa ta zama 'yar ƙaramar huda mai wuyar buɗewa daga baya. Wannan tsukewar tana daga cikin matsalolin da suka fi ba likitocin gyaran hanci wahala, har wasunsu kan ce gara su karɓi hancin da ba a taɓa ba da wanda aka taɓa aka ɓata.

Don rage komawar nan ne aka fito da dabaru biyu da suke wajen ɗakin tiyata. Ɗaya ita ce lanƙwasa hanci da dasashi kafin aiki, wadda ake kira NAM a taƙaice, wadda Barry Grayson da Court Cutting suka bunƙasa a Jami'ar New York daga 1993. Asalinta binciken likitocin Japan ne da suka lura cewa guringuntsin jariri yana da laushi a makonnin farko na haihuwa saboda sinadarin istirojin na uwa da ke jininsa, ta yadda za a iya lanƙwasa shi kamar ɗanyen kara. Ana yi wa jaririn wani ɗan faranti na roba mai shiga baki, da ɗan hannu mai tokare kafar hanci daga ciki, a manne su da filasta a kumatu, kuma kusan kowane mako sai an koma an ɗan gyara farantin, har na tsawon wata 3 zuwa 5. Ɗaya dabarar kuwa bayan aiki ake yin ta: 'yar roba ce ta silikon mai bututu biyu da ake sa wa a kafofin hanci don su riƙe siffarsu, ana cire ta a wanke a mayar kullum, wasu cibiyoyin kan nemi a yi wata 6 ana haka. A 2010 likitocin asibitin Chang Gung na Taiwan suka kwatanta hanyoyi huɗu a kan yara masu tsagar gefe ɗaya, suka ga cewa waɗanda hancinsu ya fi daidaita bayan shekaru su ne waɗanda aka haɗa musu NAM da gyaran farko, kuma aka ɗaga kafar hancin fiye da ta lafiyar da gangan, don idan ta sauka ta sauka daidai. Saboda haka uwar da ta ga kafar da aka gyara ta ɗara ɗayar tsayi a kwanakin farko kada hankalinta ya tashi, da niyya aka yi.

A nan ne ya kamata mu dubi namu halin. Ga wanda ke zaune a Mabera ko Runjin Sambo, zuwa asibiti mako-mako abu ne mai yiwuwa idan akwai mai yin farantin. Amma matar da za ta taso daga Isa ko Sabon Birni ko Tangaza, da kuɗin mota da halin da hanyoyin suke ciki, ga damina ga aikin gona, idan aka ɗora mata zuwa sau 12 ko fiye an ɗora mata abin da ba za ta iya cikawa ba, kuma farantin da ba a gyarawa a kan lokaci yana iya goge dasashi ya yi gyambo. A ganina bai kamata iyaye su ji sun cuci ɗansu don bai samu NAM ba, domin har yanzu masana suna muhawara a kan ko amfaninsa yana ɗorewa har girma. 'Yar robar bayan aiki kuwa wani abu ne daban, ba ta buƙatar tafiya, haƙuri kawai take so. Na taɓa ganin wata kaka tana cire ta daga hancin jikanta, ta tsoma a ruwan ɗumi da aka tafasa, ta goge majinar da ta bushe da auduga, ta shafa ɗan man da aka ba ta, ta mayar tana yi masa wasa, duk a cikin minti biyu. Wannan aikin na kaka yana da rabo babba a cikin sakamakon da za a yaba wa likita.

Gyaran tsakiya, wanda ake yi tsakanin shekara 4 zuwa 6 ko kuma wajen shekara 8 zuwa 12, shi ne wanda iyaye suka fi matsawa a yi, kuma shi ne wanda ya fi dacewa a yi rowarsa. Matsin nasu abin fahimta ne, domin a wannan lokacin ne yaro kan dawo gida ya ce ba zai koma makaranta ba, yarinya kuma ta fara jan hijabi ta rufe rabin fuskarta ko a cikin gida. Aikin yakan taƙaita ga tsinin hanci da kafarsa, wato a sake ɗaga guringuntsin, a daidaita bakin kafar, a tsawaita ginshiƙin tsakiya ga mai tsagar gefe biyu. Likitoci da yawa suna amfani da yankan da Tajima da Maruyama na Japan suka bayyana a 1977, mai siffar kofato a kife a bakin kafar hanci. Ba a fasa ƙashi, kuma ba a yanke katangar tsakiya da yawa, saboda girma bai ƙare ba. Ma'anar wannan ita ce aikin rabi ne tun daga niyyarsa, kuma duk abin da aka gyara zai sake sauyawa idan yaro ya balaga, lokacin da hanci kan yi tsiron ƙarshe. Kowace tiyata tana barin tabo a ƙarƙashin fata, tabo kuma yana taurara nama ya rage masa jini, don haka wanda aka yi wa hanci sau uku kafin ya kai 16 ya riga ya cinye jarin da likitan ƙarshe zai yi aiki da shi. Inda gyaran tsakiya ke da hujja mai ƙarfi shi ne idan kafar ta toshe har yaro ba ya barci sai baki buɗe, ko ginshiƙin ya gajarta ƙwarai, ko ba a taɓa hancin ba sam a tiyatar farko kuma tsangwama ta fara hana shi karatu. Idan za a yi, ya fi kyau a haɗa shi da wani aikin da dama za a sa yaron barci dominsa.

Gyaran ƙarshe shi ne kaɗai ake iya taɓa komai a cikinsa, ƙashi da guringuntsi da katangar tsakiya, kuma ana jiran mace ta kai kimanin shekara 14 zuwa 16, namiji 16 zuwa 18. Sai dai cikar shekaru kaɗai ba ta isa ba, dole a fara gyara ƙasar da rumfar ke kai. Idan tsagar ta ratsa dasashi, ana cike gurbin da ɓargon ƙashi da aka ɗebo daga ƙugu, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 11 kafin fiƙa ta fito, kuma wannan dashen yana ɗaga gindin gefen hanci da ya nutse. Wasu daga cikin waɗanda tsagarsu ta haɗa da ganɗa kuma muƙamuƙinsu na sama yakan tsaya baya, har haƙoran ƙasa su sha gaban na sama, kuma maganin wannan shi ne a sa wayar haƙori sannan a yanka ƙashin a turo shi gaba. Turo muƙamuƙi yana sauya hanci, yana faɗaɗa gindinsa ya ɗaga tsininsa, saboda haka wanda ya yi gaggawar gyara hanci kafin muƙamuƙi yana iya biya sau biyu. Saurayin da ya zo yana cewa hanci kawai yake so, ya kamata likita ya fara ce masa ya cije haƙoransa a gani.

A wannan matakin akwai zaɓi biyu a kan yadda za a shiga. Ana iya yin duk yankan daga cikin kafofin hanci ba tare da tabo a waje ba, ko a ƙara ɗan yanka a kan ginshiƙin tsakiya a ɗage fatar sama gaba ɗaya, a ga guringuntsin ƙuru-ƙuru. Ga hancin da ba shi da tsaga hanya ta farko takan wadatar, amma ga namu batun yawancin likitoci sun fi son buɗewar, domin daidaita abu biyu da ba su yi kama ba yana son ido, tabon kuma ƙarami ne a wurin da ba a cika kallo ba.

Zaɓin da ya fi shafar mara lafiya shi ne inda za a samo guringuntsin da za a tokare hancin da shi, domin ɗinki kaɗai ba ya riƙe hancin babba mai tabo. Wuri uku ne. Na katangar tsakiya shi ne mafi kusa, a wuri ɗaya ake aiki, kuma cire ɓangaren da ya lanƙwashe yana buɗe hanyar numfashi, da sharaɗin a bar kimanin santimita ɗaya a sama da gaba don kada karan hanci ya rufta. Matsalarsa ita ce a hancin mai tsaga yakan kasance a karkace, kuma ba shi da yawa, musamman a irin hancinmu. Na kunne yana da sauƙin ɗauka kuma siffar kunnen ba ta sauyawa idan an ɗauka daga kwarminsa, lanƙwasarsa ta dace da gefen kafar hanci, amma yana da laushi, ba ya iya zama dirka. Na haƙarƙari shi ne mai ƙarfi da yalwa, shi ne ke iya ɗaga tsinin da fata mai kauri da tsohon tabo suka danne, kuma shi ya sa ake yawan komawa gare shi ga masu tsagar gefe biyu da waɗanda aka yi wa aiki a baya. Farashinsa kuwa shi ne ciwon ƙirji na kwanaki wanda sau da yawa ya fi na hancin, da tabo a ƙarƙashin nono, da ɗan haɗarin huda rigar huhu, da kuma halinsa na lanƙwashewa bayan an sassaƙa shi. Saboda wannan halin ne ƙwararru kan yanka daga tsakiyarsa, su jiƙa shi a ruwan gishiri su ɗan jira su ga inda zai karkata kafin su dasa. Akwai kuma robar silikon da ake sakawa a karan hanci, wadda ta fi sauri da arha, amma a ƙarƙashin fatar da ta sha yanka tana da haɗarin ruɓa ko ta huda fata ta fito ko da bayan shekaru, kuma ga wanda likitansa ke nesa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fatarmu ma tana da nata hukuncin. Fatar tsinin hancin baƙar fata takan yi kauri da maiƙo, don haka ba ta nuna ƙananan gyare-gyaren da aka yi a ƙarƙashinta, kuma kumburinta yana daɗewa. Ana cire abin da aka ɗora a kan hanci bayan kimanin mako ɗaya, amma siffar gaskiya ba ta bayyana sai bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Budurwar da aka sa ranar aurenta bayan babbar Salla, idan aka yi mata aiki da azumi, da kumburi za ta shiga ɗaki, kuma ya kamata a faɗa wa iyayenta haka ƙarara. Game da tabo mai tudu da ake kira kiloyid, tsakiyar fuska ba ta cika yin sa ba, amma kunne da ƙirji suna daga cikin wuraren da ya fi so, wato daidai inda ake ɗebo guringuntsi. Duk wadda hudar kunnenta ta taɓa yin ƙulli, ko ake da irin wannan a gidansu, ta faɗa wa likita kafin a zaɓi wurin ɗiba.

To, me ake samu a ƙarshe? Binciken da ake yi ta hanyar tambayar marasa lafiya da kansu, da takardun tambayoyi irin su CLEFT-Q da aka tsara a Kanada don 'yan shekara 8 zuwa 29, yana nuna cewa yawancin waɗanda aka yi wa gyaran ƙarshe sun fi jin daɗin fuskarsu bayan aiki, kuma da yawa numfashinsu ya ƙaru idan an miƙe katangar tsakiya. Idan aka kalle su ta gaba ko ta gefe, sauyin yakan yi yawa. Inda saura kan rage shi ne idan mutum ya ɗaga kai aka kalli kafofin daga ƙasa, domin da wuya su zama tagwaye, kuma wasu kan buƙaci ɗan ƙarin gyara daga baya. Akwai kuma abin da wannan tiyata ba ta taɓawa sam, wato magana ta hanci. Wannan daga ganɗa take, idan ba ta rufe hanyar iska da kyau yayin magana ba, kuma maganinta aikin ganɗa ne da horon furuci. Hasali ma wanda toshewar hanci ke ɓoye masa yoyon iska, idan aka buɗe hancin muryarsa tana iya ɗan ƙara fitowa ta can, don haka mai irin wannan matsala ya nemi a duba ganɗarsa tukuna.

Mutanen Sakkwato suna da sa'ar da jihohi da yawa ba su da ita. Asibitin Yara na Noma, wato na masu cutar noma mai cin fuska, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, ya sa garin ya saba da tiyatar gyaran fuska, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke da likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi da na gyaran jiki. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin ɗinkin leɓe da ganɗa kyauta ta hannun likitocin gida a Najeriya, sai dai mai neman gyaran hanci na ƙarshe ya tambaya tun da wuri ko tallafin ya haɗa da nasa aikin, don kada ya tashi da zato. Ya kamata kuma a bambance noma, wadda mutanenmu ke kira ciwon iska kuma take cin fuskar yaro bayan an haife shi lafiya, da tsagar leɓe wadda da ita ake haihuwa, ba ta yaɗuwa, ba kuma laifin uwa ba ce. Wani abin da ya keɓanta da yankinmu shi ne yawan masu zuwa a makare, 'yan shekara 7 ko 20 da ba a taɓa ɗinke musu leɓe ba. Ga irin waɗannan maganar NAM ta wuce, amma ɗaga guringuntsin hanci tare da ɗinkin leɓe yana nan, babba kuwa da ya gama girma likita zai duba ko a haɗa komai a zama ɗaya ko a fara da leɓe a dawo wa hanci bayan watanni.

Ko wane lokaci aka zaɓa, lafiyar jiki ce ke buɗe ƙofa. Tsohuwar ƙa'idar da likitoci ke tunawa da ita ga jariri ita ce ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kusan kilo 4 da rabi, awon ƙarfin jininsa, wato himogilobin, kuma ya kai 10, kuma jaririn da tsagar ta hana shi tsotso har tamowa ta kama shi sai an fara ciyar da shi. Gwajin sikila kafin allurar barci wajibi ne a wurinmu. Mai shan taba ko shisha ya daina makonni kafin aiki, domin fatar da aka ɗage tana rayuwa ne da ƙananan jijiyoyin da hayaƙi ke tsukewa. Ƙurar hunturu tana busar da cikin hanci ta sa ɓawo da haɓo, don haka wanda aka yi wa aiki a Disamba ko Janairu ya riƙe ruwan gishirin fesawa da takunkumi. A makonnin farko ba a fyace majina, ba a ɗora tabarau a kan kara, ba a buga ƙwallo har kimanin mako 6. Sujada kuwa a tambayi likita ranar da za a koma kai hanci ƙasa, kafin nan nuni ya wadatar ga mara lafiya, shaƙa ruwa a alwala kuma sunna ce a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi.

Wasu iyaye, musamman kakanni, kan tsaya a kan cewa gyara hanci sauya halittar Allah ne. Malamai sun daɗe da bambance kawar da nakasa da neman ƙarin ado, suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Malesiya a 2007, ta ambaci tsagaggen leɓe a cikin nakasar haihuwa da ya halatta a gyara.

Idan jariri ne a hannu, abin da ya fi dacewa a ganina shi ne a nemi likitan da ya saba ɗaga hanci tare da ɗinkin leɓe, a riƙe robar bayan aiki, sannan a sa a rai cewa wataƙila akwai sauran aiki idan ya girma. Idan ɗan firamare ne da hancinsa ke numfashi kuma yana zuwa makaranta ba gardama, a bar shi, a mai da hankali ga dasashi da haƙora da magana. Idan saurayi ne ko budurwa, shawarar tasa ce kafin ta iyaye, domin akwai waɗanda suka saba da fuskarsu kuma ba su nemi a taɓa ta ba. Wanda ya yanke shawarar yi, ya tambayi likitan sau nawa ya yi wa masu tsaga wannan aikin, daga ina zai ɗebo guringuntsi, kuma idan baƙo ne mai zuwa na mako biyu, wa zai ci gaba da duba shi bayan ya tafi. Sannan ya nemi a nuna masa hotunan waɗanda aka yi wa aiki shekara ɗaya ko fiye da ta wuce, masu irin fatarsa, kuma ya ce yana son ganin wanda aka ɗauka daga ƙasan hanci.